Kifin Farko da Ban Mayar Ba

Ƙarfe shida da minti goma na safiyar wata Asabar abin ya fara lalacewa. Na san lokacin domin na duba agogo, kamar yadda nake yi a kan komai. Shekarata goma sha ɗaya.

Kakana masunci ne daga Yawuri. Da Baba ya kawo shi Woodbridge, garin da muke zaune a ƙasar waje, ba ya jin Turanci, ba ya son sanyi, bai ma taɓa kwance jakarsa duka ba. Abu ɗaya ya zaunar da shi: duk Asabar a lokacin zafi, bayan sallar asuba, Baba yakan kai mu bakin teku. Har yau ina jin ƙarnin ruwan gishirin nan da ɗumin shayin da Umma ke zuba mana. Akwai wani farin kifi da ke gurnani idan an fito da shi. Kaka yakan kara shi a kunnena ya ce, "Malama, ji ɗan garinmu yana gaishe ki."

Dokarsa ɗaya ce: kifin farko na ruwa ne, mayar da shi ake yi. A ranar, ƙugiyata ce ta fara kamawa. Ina son in zana ƙayoyinsa don aikin makaranta, sai na tura shi ƙarƙashin ƙanƙara a cikin kula, na yi shiru.

Da shekara ta zagayo, kular ba ta cika ba. Daga nan sai raguwa, har muka fara dawowa ba mu ji gurnani ko sau ɗaya ba. Kaka ya daina hira a mota. Na karanta a laburare cewa ruwan yana ƙara ɗumi, kifaye suna ƙaura, manyan jirage kuma suna kwashe har ƙanana. Na gane bayanin sarai, amma zuciyata tana kan wancan kifin.

Ina jami'a Kaka ya ce zai koma gida. Ranar tafiyar, da hantsi, yana naɗe zaren ƙugiyarsa a falo, na durƙusa na faɗa masa zancen kifin da na ɓoye, kaina a ƙasa.

Bai daina naɗin ba.

"Ai na gan ki, Malama. Kifinki ɗaya bai kori na teku ba, ki sauke wannan daga ranki. Sai dai duk wanda ya kwashe, a nan da Yawuri, shi ma ɗaya ya ce ya ɗauka."