Haƙorin Tangaran na Yayata

Yayata ta girme ni sosai, ita ta goye ni. Tana aure a wani ƙauye kusa da Ƙarfi, ni kuwa ina koyarwa a firamare a Funtua. Wata damina tana ɗaure san huɗar mijinta a turke, sai ya kaɗa kai ya same ta a baki da ƙaho. Haƙorinta na gaba ya karye, ya rage ɗan guntu.

Ba ta aiko mini ba. Da na je gida hutu na tarar tana magana da gefen zane a baki. Mace ce da ake jin dariyarta daga bayan danga, kuma ita ke ba da waƙa a zumuntar mata a coci. Duk ta bari, ta koma bencin baya.

Babanmu, wanda har ya rasu yana kan addinin kakanninsa, ya adana ɓarin haƙorin a cikin batta. "A samo ƙaro a manna mata," in ji shi. "Ƙwarya ma ɗinke ta ake yi." Ya kuwa gwada da hannunsa. Kafin ta shanye kunun safe ƙaron ya narke. Ya ɗauki fartanyarsa ya tafi gona.

Na kawo ta Funtua wurin wani likitan haƙori, dattijo mai haƙuri. Ya ce zai gyara guntun da ya rage, ya auna, ya aika Kaduna a yi mata hular tangaran mai siffar haƙori.

"Tangaran irin na kofin shayi?" ta tambaya.

"Ɗan'uwansa ne," ya ce.

Da hular ta iso, ya kwaɓa wani farin gari da ya kira siminti, ya ɗora ta. Yaya ta dubi madubi ta daɗe tana kallo. Amma bayan kaka, tana shan rake a kasuwar Kafur, haƙorin ya bi ɓawon ya fita. Aka mayar. Na biyu a cikin tuwo ya faɗa, a gaban surukan 'yarta. Likitan bai ɓoye mana ba: guntun ya yi gajere, simintin ba ya samun abin riƙo.

"Ƙanwata, ƙyale ni haka," ta ce. "Na wuce shekarun kwalliya." Ta faɗa tana murmushi, amma hannunta na kan bakinta.

Shekaru suka wuce. Wajen ƙarshen shekarun 1980 dattijon likitan nan ya aiko a kira ni, ya ce akwai wata likita a Zariya da ta samu sabon gam daga waje. Bai manta da Yaya ba ashe. Sai da na sa mijinta ya sa baki kafin ta yarda ta hau mota.

Likitar yarinya ce, ba ta kai ni ba. Ta sa aka yi sabuwar hula, muka koma ɗauka. Ta yi mana bayani a hankali: tangaran santsi gare shi, ba abin da ke kama shi da kyau, don haka za ta ɗiga wa cikin hular wani ruwa mai ci ya yi kaushi, ta shafa wani maganin da ke haɗa shi da gam, shi ma guntun haƙorin ta gyara shi haka.

"Kamar karce bango kafin yaɓe," in ji Yaya.

"Haka nan ne, Mama. Amma yawu ne abokin gabarmu. Ko ɗigo ya taɓa, aikin ya lalace."

Ta cusa mata auduga a kumatu, ta ce kada ta motsa harshe. Yaya ta miƙo hannu ta damƙe nawa. Hawaye na gangarowa cikin kunnenta, amma ko tari ba ta yi ba har likitar ta danna hular, ta riƙe da yatsa, gam ɗin ya kama.

Wannan karon ya zauna. Ba ta koma ba da waƙa ba, don wata matashiya ta riga ta karɓa, kuma Yaya ta ce muryar yarinyar ta fi tata. Ta dai dawo cikin mata tana amshi da bakinta a buɗe.

Da tsufa ya zo ta kama cin goro. Haƙoranta duk suka yi ja, suka fara zubewa ɗaya bayan ɗaya, sai wannan kaɗai ya tsaya fari tas. Jikokinta kan hau cinyarta su ce, "Kaka, buɗe mu ga na Zariya." Ta buɗe musu, su ƙwanƙwasa da farce, ta yi kamar za ta cije su, su watse da ihu.