Jar Kabar Hamida

Ku matso ku zauna, in ba ku labarin Hamida masaƙiyar tabarma, mutuniyar Kurya Madaro.

Mijinta Abdulrashid, Allah ya jiƙansa, yana da wani hali: in kaka ta yi, sai ya ɗebi kabar da ta rina ja don saƙa, ya je ya ɗaure dammunan geronsa da ita. Ta yi faɗa har ta gaji. To, shekarar da zazzaɓi ya ɗauke shi, dammunan suna tsaye a gona, ita kuwa ta shiga takaba, babu fita. Ƙaninsa Shehu ya ce zai kwaso mata. Sai ga shi hannu rabbana, wai ɓarayin daji sun kwashe komai.

Da ta fita takaba ta shiga gidan Shehu yi musu bangajiya, ta tarar ana sussuka. Gindin turmi, ga jar kaba nan warwatse. Ta gaishe su, ta fito.

Ta tattara 'ya'yanta ta koma Ƙaura Namoda, ta kama ɗaki. Saƙa take yi har yatsunta su tsage, ranar da tabarma ba ta fita ba a sha koko a kwanta. Abu guda ta hana a taɓa: zangarniyar gero da marigayin ya ware don iri, rataye saman murhu, hayaƙi na korar ƙwari.

Bana, ruwan farko na sauka, sai ga Shehu da murmushinsa.

"Matar Yaya, hanyar ga ta Kurya ba ta mata ba ce. Ko makon jiya an tare mota. Ba ni irin in shuka miki."

Maganar hanya kam gaskiya ce. Amma ta sani, in gonar ta yi shekara a hannunsa, ta zama tasa.

"Na gode, ƙanena. Kai dai ka ji da taka."

Washegari ta bar yara wajen maƙwabciyarta Yetunde, ta ƙulle irin a zane, ta hau motar Kurya. Bakinta bai daina addu'a ba, idonta na kan kowace ƙurya ta daji.

Yetunde na can bakin ƙofa tana duban hanya. Ku da kuna wurin, za ku ce ta je ko ta zauna?