Inda Kaset Ɗin Baba Yake Tsalle

A gidanmu na unguwar Tandabawi a Makka akwai wani kaset na bidiyo da ba wanda ya san sunan fim ɗin da ke cikinsa. Baba ya tsince shi a cikin tsohuwar na'urar da ya sayo a kasuwar gwanjo ta Jidda, mai na'urar ya manta bai ciro ba. Fim ne na Turawan dā, fari da baƙi, ba magana ko ɗaya sai kiɗa. Mutane su yi ta motsa baki, sai wani rubutu ya fito wanda ba Larabci ba ne, ba kuma Turancin da aka koya mana a makaranta ba. Jarumin wani mutum-mutumi ne mai kai kamar tukunyar shinkafa, mu dai mutumin ƙarfe muke ce masa.

Baba direban bas ne na lokacin aikin hajji, kuma bai taɓa ganin shiru ya bar shi ya zauna lafiya ba. Tun ranar farko ya ɗauki aikin yi wa fim ɗin baki. Ya zama al'ada, duk shekara in alhazai sun watse, ya rama barcinsa na kwana uku, sai a taru bayan la'asar, a dafa shayi da na'ana'a, a sa kaset. A bakin Baba, mutumin ƙarfe ɗan dako ne da wani muɗawwifi, wato mai kula da alhazai, marowaci ya ƙera don kada ya riƙa ciyar da ma'aikata. Turawan da ke sanye da malafa kuwa alhazan Turkiyya ne na zamanin dā. Filin da jama'a ke guje-guje Muzdalifa ce, kowa na neman bas ɗinsa.

Kaset ɗin yana da giɓi. Akwai wurin da mutumin ƙarfe zai shiga wata ƙofa da hannunsa biyu, hoton ya yi tsalle, sai ga shi a kan rufin bene da hannu ɗaya. A nan Baba ke tsayar da na'ura, ya gyara zama. Ya ce a bayan ƙofar nan wata 'yar Sakkwato ce mai taurin kai ta ɓace wa mahaifinta a turmutsutsun Muzdalifa, ta cafke hannun bawan Allah ta ce ba za ta saki ba sai ya nemo mata bas ɗinsu. Ya roƙe ta da Larabci, ya roƙe ta da Hausa, ta ƙi. Har hannun ya cire, kuma har yau yana wurinta.

Daidai nan Umma take jan tsaki ta miƙe da farantin shayi.

"Ƙarya yake yi, yara. Rigarsa kawai na yaga, ita ma dama ta tsufa."

Baba ya yi dariya har ya ƙware. Shekara da shekaru ba a taɓa canja ko kalma ɗaya ba, kuma ba mu taɓa fasa dariya ba.

Muka girma, aka rushe layinmu, muka koma unguwar Shisha. Baba ya ajiye tuƙi, yana zaune a shiƙƙar yayana, wato sashensa a gidan bene. Jikokinsa Larabci suke numfasawa. In ka yi musu Hausa su amsa da Larabci, suna yi maka kallon tausayi. Lokaci ɗaya ne a shekara suke zama su saurari Hausa awa biyu ba su taɓa waya ba, wato ranar mutumin ƙarfe. Sai Allah ya yi wa Umma rasuwa. Shekarar ba a sa kaset ba. Da shekara ta zagayo Baba ya ce a ɗauko, aka tarar na'urar ta tauna shi, ta tofo zare baƙi.

Ni malamar makaranta ce, kuma ina da ciwon nan na gyara. Ko takardar gayyatar biki aka ba ni sai na nemo kuskure. Na zauna ina bincike a waya, ina rubuta "mutum-mutumi mai hannu ɗaya" da duk harshen da na iya, har na samo fim ɗin. Ashe sananne ne. Ashe wasu masu haƙuri a Turai sun daɗe suna tattara guntayensa daga ɗakunan ajiya na ƙasashe daban-daban, suna wanke hoton ɗaya bayan ɗaya, sun mayar da wuraren da suka ɓace. Har da fassarar Larabci a ƙasa. Na kalla ni kaɗai, na ga ba muɗawwifi, ba bas, ba Muzdalifa. Labarin wata masana'anta ne da mai ita. Maimakon in yi tunani, sai na ji daɗi irin na wadda ta kama kuskure a littafin gwamnati.

Na tara kowa ranar Juma'a bayan la'asar. Na yi ɗan jawabi ma, Allah ya yafe mini, a kan muhimmancin adana kayan tarihi. Hoto ya fito tas a babban talabijin, har ana ganin ƙusoshin da ke wuyan mutumin ƙarfe. Baba ya matso, ya gyara tabarau, murna ta cika masa fuska.

"To, kun ga muɗawwifin nan, marowacin duniya..."

"La ya Sidi, a'a Kaka," in ji babbar jikarsa, 'yar yayana, idonta a kan rubutun ƙasa. "Muhandis ne, injiniya. Maktub, ga shi a rubuce."

"Muhandis ɗin rowa. To waɗannan alhazan Turkiyya..."

"Sidi, ummal ne. Masu aiki. Suna yajin aiki."

Baba ya dube ta, ya dubi talabijin. Ya sake gwadawa sau biyu. Ya ce ga bas ya taho, aka ce masa jirgin ƙasa ne, kuma da hoton ya fito tas ɗin nan, wallahi jirgin ƙasa ne, har da hayaƙi. Yayana yana ta danne dariya a cikin kofin shayi. Ni kuma, don in cika aikina, na ƙara da bayanin cewa asali ma ba a san hajji ba a garin.

"Halas," in ji Baba. "Tunda ya koyi magana, ni na huta."

Ya jingina da matashi ya naɗe hannu. Muka ci gaba da kallo. Ban taɓa jin fim ɗin nan ya yi tsawo haka ba. Turawa suna ta zare ido suna dafe ƙirji, kiɗa yana ta kuka, yara ɗaya bayan ɗaya suna zaro waya daga aljihu. Rabin awa Baba bai ce uffan ba, mutumin da ko a layin asibiti sai ya tara jama'a. Kunya ta kama ni, haushin kaina ya cika ni, har da haushin Turawan nan masu haƙuri da ba su yi mini laifin komai ba.

Sai ga mutumin ƙarfe ya nufi ƙofar. Ni na san abin da ke bayanta, na riga na gani: wani injin niƙa ne zai kama hannun ya datse, minti huɗu ana nunawa dalla-dalla. Na saci kallon Baba. Ya sauke hannunsa, ya ɗan tashi zaune, yana kallon ƙofar nan kamar mai jiran a kira sunansa.

Na danna rimot a ƙarƙashin mayafina. Talabijin ya yi baƙi.

"Intanet ya yanke," na ce.

"Ammati, Gwaggo, wallahi shaggal, yana aiki, ga shi a wayata..."

Yayana ya yi wa 'yarsa wani kallo, ta haɗiye sauran. Can ƙanwarta, wadda ba ta cika haɗa kalmomin Hausa uku a jere ba, ta juyo.

"Sidi, hannu... ina ya tafi?"

Baba ya ɗauki lokaci yana juya kofinsa. Sannan ya gyara zama. Ya ce a bayan ƙofar nan akwai wata 'yar Sakkwato mai taurin kai. Ya kawo turmutsutsun, ya kawo bas ɗin da aka rasa, ya yi muryar mutumin ƙarfe yana roƙo da Larabci, yana roƙo da Hausa, yara suka ajiye waya suna dariya. Ya ce har hannun ya cire.

"Kuma har yau yana wurinta."

Ya tsaya a nan, inda ya saba tsayawa. Ya dubi wajen ƙofar kicin. Ba wanda ya motsa, farantin shayi yana nan a ƙasa inda aka ajiye shi.

Na sunkuya na ɗauki farantin, na miƙe. Na ja tsaki, bai fito da kyau ba.

"Ƙarya yake yi, yara," na ce. "Rigarsa kawai ta yaga, ita ma dama ta tsufa."