Gora ɗaya a bakin Komadugu

An daɗe ana cewa wasu samari biyu sun tsero daga hannun mutanen daji, suka iso kogin Komadugu da gorar ninkaya ɗaya. Wai babban ya aiki ƙaramin dubo hanya, ya rungume gorar ya haye. Na ce zancen teburin mai shayi ne.

Jiya a Assaga na tarar da wani matashi yana shanya tattasai, hannunsa ɗaya dungulmi.

"Ɗana, wa ya yi maka wannan?"

"Waɗanda suka same ni a gaɓa, Baba, bayan yayana ya tafi da gorar."

"Kuna gaisawa da yayan naka?"

"Kwano ɗaya muke ci. Innarmu ba ta sani ba."

Jama'a, in ku ne, za ku gaya mata? Ni dai daga bakin matashin nan, Bukar, na ji, shi da aka bari.