Sawun Zabuwa a Kan Dawon Gwaggo

Shekarun farko bayan samun ƴanci, in aka ba mu hutun lakwal, wato makarantar boko, a Damagaram, garin Gangara nake tafiya wurin gwaggona, mai sayar da fura. Kowane curin dawo ta mulmula, sai ta ɗauki tsinke ta yi masa zane uku kamar sawun zabuwa. Ni a idona, sai in ga kamar tsuntsuwa ce ta bi ta kan farin wata. Makiyayan da ke gangarowa daga arewa ba su san sunanta ba. Ran kasuwa "mai zabuwa" kawai suke nema.

Wata damina maƙwabciyarmu ta fara yin zanen a kan nata dawon, mai tsami da tsakuwa. Makiyaya suka soma cewa zabuwa ta lalace. Gwaggo ta ja ni gaban mai gari, wai ko boko zai yi rana.

"Ranka ya daɗe, raƙumi ma da tambarin gidansu ake saninsa," in ji Gwaggo. "Wannan zane nawa ne tun ina amarya."

Maƙwabciya ta ce, "Yaya, ke kika ƙyanƙyashe zabuwar? Sawun ai nata ne."

Mai gari ya dube ni. "Ƴar lakwal, me takardunku suka ce?"

Na ce an koya mana cewa a ƙasar Nasara mai alama shi ke da ita, amma ban ji an ambaci dawo ba. Ya jinjina kai, ya ce shari'a sai da shaida. Aka dama dawon Gwaggo da na maƙwabciya da nono, shi da fadawansa suka shanye, ya ce harshe bai gama tantancewa ba, a kawo wata shaidar kasuwa mai zuwa. Haka aka yi ta yi har gero ya fitar da kai. Fadawa suka yi kumatu.

Da Gwaggo ta gaji, ta karya tsinkenta, ta bar wa maƙwabciya zabuwar. Ta riƙa kai dawonta sumul, ba zane. Makiyaya suka ɗanɗana, suka gane, suka koma neman "marar zane". Ba a daɗe ba maƙwabciya ita ma ta yar da nata tsinken.

Ran nan da yamma sai ga bafade a ƙofar gida. Mai gari na gaisuwa, ya ji an saci rashin zanen Gwaggo, a shirye yake ya saurari ƙara. A taho da shaida.