Agogon Dalmar Yaya

Yayana maƙeri ne, amma ba na fartanya ba. Aikinsa zuba dalma, irin wadda masunta ke ɗaurawa a bakin birgi, ragarsu ta jifa, don ya nutse da sauri. Yakan sayi tsofaffin batiran mota, ya fasa, ya narka dalmar a kaskon ƙarfe a zauren gidanmu na Ajingi. Ranar kasuwar Gaya masunta daga wajen Wudil su zo su kwashe. Ni manomi ne, da rani nake zama in ja masa zuga-zugi.

Dalma tana da rigima. In ba ta yi zafi sosai ba, sai ta daskare kafin ta cika mazubi, ƙwayar ta fito guntuwa. In zafin ya wuce kima, sai datti ya taru a samanta, rabi ya tafi a banza. Yaya da ido yake ganewa, yana kallon yadda launin fuskarta ke juyawa. To a shekarun da aka daina kashe sule aka koma naira, yanar ido ta fara rufe masa gani. Kasuwa biyu a jere masunta suka dawo masa da kaya. Ya dawo gida ya kife kaskon, ya ce shi da wuta sun yi sallama.

Wani direban motar gyaɗa, abokinsa tun ƙuruciya, shi ya kawo mana ma'aunin zafi daga Kano. Ƙarfe ne dogo kamar tsinken tsire, a kansa fuska irin ta agogo, da allura ɗaya. Direban ya ce tsohon hannu ne, kada mu yarda da shi sai mun gwada. Mu narka dalma zalla, mu sauke ta daga wuta, mu tsoma shi. Allura za ta riƙa sauka, daidai lokacin da dalma ta fara daskarewa za ta tsaya cik na ɗan lokaci. In na ƙwarai ne, a kan ɗari uku da ashirin da bakwai za ta tsaya. A lokacin na fara zuwa ajin yaƙi da jahilci, da gemuna da komai, lambobi kawai na iya sosai. Na rubuta lambar a bangon littafina.

Matar Yaya ta leƙo ta ga ina juya abin. Ta ce, "Malam Boko, ƙarfe nawa a agogon naka? La'asar ta yi?"

Na ce, "In tuwonki ya ƙone, ki zo in auna miki."

Yaya bai yi dariya ba. Ya ce, "Ɗauko kaskon. Amma in ya yi mini ƙarya sau ɗaya, rijiya zai kwana."

Da hantsi muka hura gawayi. Da dalma ta narke na sauke kaskon da awartaki, na tsoma ma'aunin. Yaya ya ce in ɗaga shi kaɗan, kada ya taɓa gindin kasko, ai ba kasko muke aunawa ba. Shi kuma ya riƙe wani siririn ƙarfe yana taɓa gefen dalmar. Allura tana sauka a hankali, ina bin ta da ido. Can ya ce, "Ta fara kamawa." Na duba, allura ta tsaya, amma a kan ɗari uku daidai.

Na yi niyyar in ce masa ya yi daidai, tunda ba gani zai yi ba. Bakina ya ƙi.

Na ce, "Yaya, bai kai ba. Ya rage ashirin da bakwai."

Ya shafa gemu. Na zaci rijiyar zai nufa. Sai ya ce, "Mayar da ita wuta."

Muka sake, ɗari uku. Muka sake na uku bayan azahar, har gawayi ya kusa ƙarewa, matar Yaya tana mitar furarmu ta yi tsami. Ɗari uku dai, ko gezau.

A nan Yaya ya yi dariyar da na daɗe ban ji ba. Ya ce, "Kai ƙanena, maƙaryacin da ba ya sauya magana ai ana zama da shi. Mun san inda yake karkata."

Ya ce in miƙo masa busasshen karan dawa. Haka babanmu yake yi kafin a san wani agogo. Na mayar da kaskon wuta na ci gaba da zuga, shi yana tsoma karan cikin dalmar yana ƙirga biyar a ransa, ya fitar ya kai hanci. Sau uku yana girgiza kai. A na huɗu ya ce, "Nan ne. Ƙamshin gasasshiyar masara, bai kai ƙauri ba. Ina allurarka?" Na faɗa masa. Ya ce shi ba ruwansa da lamba, in yi zane a wurin. Na aro farin fenti wajen mai gyaran keke, na ɗiga a kan gilashin.

Ya ɗebi dalma da ludayin ƙarfe, ya laluba bakin mazubi da hagu, ya zuba. Da ta huce ya buɗe, ƙwaya goma sha biyu suka zubo a tabarma. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa, babu guntuwa, babu rami.

Daga ranar aiki ya rabu biyu, ni ido, shi hannu. Da damina in na tafi gona, matar Yaya ce ke tsayawa a bakin zaure, ita da ba ta san ko lamba ɗaya ba. In allura ta hau farin ɗigo sai ta ce, "Maigida, la'asar ta yi." Shi kuma duk da haka sai ya tsoma karansa ya sansana tukuna, wai kada agogo ya ɗauka shi ne mai gidan.