Salifu da Dodannin Fadarmu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ina cikin aji da safen nan tarhona ya dinga rawa a aljihu. Na fito na ɗauka. Rakiya ce, ƙanwar Salifu. Abin da ta iya faɗa kawai: "Malam, Yaya ya tafi."

An ce kaminyo ne, babbar motar kaya, ya buge shi a hanyar Bengu, ya sauke fasinja yana dawowa. An ce direban bai tsaya ba. Ni ban gani da idona ba, kuma a Gaya yanzu mun koyi jin magana mu ajiye ta gefe tukuna.

Tun ba a yi masa wanka ba wasu suka fara turo mini saƙo a ɓoye: "Wai gaskiya ne abin da ake faɗa a kansa?" Shi ya sa nake wannan rubutu a fili, kowa ya karanta.

Salifu tiranziter ne, shi ke fitar wa 'yan kasuwa kaya a duwan, wato kwastan. Da sojoji suka karɓi mulki aka rufe gadar kan iyaka, aiki ya tsaya cak, ya koma kabu-kabu. Amma kowace Lahadi bayan la'asar muna haɗuwa a fadarmu, ƙarƙashin rumfar ƙofar gidansu, a ɗora shayi, ya fito da wani wasa da ya koyo lokacin da yake karatu a Kotono.

Taswira ce ya zana a bayan katon, wato kwali: kogi, daji, gada, birnin wani matsafi. Kowa da jaruminsa. Habibu tela mai takobi ne, Rakiya mai magani, ni maharbi. Salifu ke jan labarin, duk wani dodo da ɗan fashi da bakinsa suke magana. Sai ka jefa ɗan lido mai fuska ashirin a ga ko saranka ya samu.

Maharbina da hannunsa ya sassaƙa mini shi da itacen mangwaro. Har ƙaramin gemu ya yi masa irin nawa.

Ba mu taɓa tashi ba tare da rigima ɗaya ba: wa dodo zai fara kamawa?

Habibu ne kullum da ƙorafi ga Salifu, da yake kira Metir, wato shugaban wasa. "Metir, tsakani da Allah, me na yi maka? Mu uku ne a bakin ruwa, amma kada ni kaɗai yake gani!"

Salifu ya kurɓi shayi ya ce, "Wa ya sa ƙafarsa cikin ruwa? Kai ne. Kada bai san sunanka ba, ƙafa ya sani."

Haka yake da bayaninsa. Kura, wanda ya yi baya yana ɗingishi take bi. Sojan haya na matsafi mai magani yake fara nema, don ya san in ta faɗi sauran ba sa daɗewa. Shi ya sa Rakiya ta sha kibiya fiye da kowa, ita da ake cewa yayanta yana yi mata sassauci. Gawa mai tafiya kuwa ba ta da tunani, wanda ya fi kusa kawai.

Sau ɗaya na kama shi da maguɗi. Makon da mahaifiyata ta rasu ya zo ya ja ni fada dole. Maharbina yana kwance, saura numfashi ɗaya, dodo na tsaye a kansa. Sai kawai dodon ya juya ya bi Habibu.

Habibu ya buɗe baki zai yi magana. Salifu ya dube shi ya ce, "Dodo ma yana da uwa."

Habibu ya karɓi dukan.

To ga abin da kuke tambaya.

Wata Lahadi muna tsakiyar wasa, Habibu na ihu "mu kai hari ta gada kafin masu gadi su farka", sai wata mota ta tsaya. Mutane ne cikin kayan gida, ba su faɗi daga ina suke ba, mu ma ba mu tambaya ba. Ba su yi dube-dube ba, kai tsaye katon ɗin suka nufa. Sun san inda yake, sun san sunan mai shi. Suka naɗe taswira suka tafi da Salifu.

Washegari da yamma ya dawo da ƙafarsa, ko ƙwarzane babu. Ya ce sun tambaye shi wa za mu fara kai wa hari, ya zauna ya yi musu bayanin kura da kada har ɗayansu ya yi dariya. Taswirar dai ba su mayar ba.

Mu ba mu yi dariya ba. Abu biyu suka shiga fadarmu ranar. Na farko, wani ne ya kai mu, kuma wanda ya san inda katon yake ba baƙo ba ne. Na biyu, gari ya ɗauka: wa ake kamawa a sako shi da wuri haka, in ba ya yarda zai riƙa kai rahoto ba?

In ya tsaya da babur a tasha, hira ta mutu. Wasu fasinjojinsa suka koma hawa na wani. Masu zuwa kallon wasanmu suka ɗauke ƙafa. Mu da muka rage sai mu zauna kowa na auna kalmarsa, kowa na kallon tarhon ɗan uwansa, ko a kife yake ko a buɗe. Wasan ya mutu ba tare da wani ya ce a daina ba.

Ni ga abin da na sani. Tun daga ranar ba a taɓa ko mutum ɗaya cikinmu ba, kuma Allah ya sani bakin Habibu kaɗai ya isa a rufe mu duka. Duk mai cewa Salifu ya kai wani, ya faɗi sunan wanda ya kai a nan ƙasa. Ina jira.

Ganinmu na ƙarshe shekaranjiya ne, a bakin kogi inda masu kwale-kwale ke sauke kaya. Ya ce in hau ya kai ni gida. A hanya, ina bayansa, na tambaye shi kai tsaye ko ya san wanda ya kai mu.

Ya ce, "Na sani."

Na ce, "Wane ne?"

Ya rage gudu. "Malam, tsoro ya ji. An matsa shi ya ba da suna, sai ya duba ya ba da wanda yake ganin zai iya fidda kansa. Ni ma da ni ke jan labarinsa, kaina zan zaɓa."

Na ce ban yarda ba, ya faɗa mini.

"In na faɗa maka, gobe kai ma ka samu wanda za ka bi. Bar shi. Na samo sabon katon, ka zo ran Lahadi. Kowa na kira."

Kowa, ya ce.

Rakiya ta sake kirana ɗazu. Bayan azahar za a yi jana'iza, kuma mahaifinsu ya ce 'yan fadarsa ne za su fara ɗaukar makara. Za mu je dukanmu. Ban san kafaɗar wa za ta taɓa tawa ba. Salifu ya tafi da sunan, ya hana ni, ni kuma yau zan ɗauke shi tare da duk wanda ya miƙo hannu.

Ya Allah ka gafarta wa Salifu, ka yalwata kabarinsa, ka wanke shi daga abin da bakuna suka ɗora masa. Ka bai wa iyayensa da Rakiya haƙuri. Sunan da ya ɓoye mana, kai ka san shi.

Wanda ya karanta, don Allah kada ya tambaye ni komai ta ɓoye. Ya ɗaga hannu ya yi masa addu'a, ko Ƙulhuwallahu ce. Kai ma da ka san kanka, ka yi masa. Ya riga ya yafe maka.